Tirelar da ke daidaita kanta da abin da ba ta sani ba game da ƙasar damina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da yawancin masu karatu ba su taɓa gani ba, amma wanda na ga alamar zai ci gaba da shigowa ƙasar nan, kuma idan ba a yi masa shiri ba za a riƙa tafka asara a kansa ana ɗora wa direbobi laifi. Ina nufin tirelolin nan da ake ja da babbar a-kori-kura, waɗanda aka ƙera a Amurka domin iyali su riƙa kwana a ciki idan sun fita yawon hutu, mu kuma a nan ake sayo tsofaffinsu a mayar da su asibitin tafi-da-gidanka, ko ɗakin gwajin jini, ko ofishin 'yan kwangila a bakin aiki. Wasu daga cikinsu suna zuwa da ƙafafun jak huɗu ko shida masu sauka da kansu, waɗanda da zarar an danna maɓalli guda sai su taɓa ƙasa, su ɗaga nan su sauke can, har tirelar ta zauna lebur. Ni tsohon makanike ne, na shafe fiye da shekara talatin ina kwanciya a ƙarƙashin manyan motoci a Zariya, na kuma yaye yara da dama a wannan sana'a, saboda haka abin da zan faɗa na taɓa shi da hannuna.

Sunan da Turawa suka ba irin haɗin da ke tsakanin tirelar da motar da ke jan ta ma'anarsa ita ce taya ta biyar, alhali kuwa faranti ne na ƙarfe mai tsaga da muƙamuƙi a tsakiya, wanda direbobinmu da makanikai suka fi sani da tantebur. Sunan ya samo asali ne tun zamanin keken doki mai taya huɗu, lokacin da ake kwantar da wani zoben ƙarfe mai kama da taya a saman sandar tayoyin gaba domin keken ya iya shan kwana bai kife ba. A shekarun da suka biyo bayan 1914, lokacin da wani maƙeri a birnin Detroit mai suna August Fruehauf ya ƙera tirela mai jingina gabanta a kan mota, sai dabarar da sunanta suka koma kan motoci. A ƙarƙashin goshin tirela akwai turken ƙarfe mai kaurin inci 2, shi ne yake shiga tsagar, muƙamuƙin ya cafke shi. Wannan duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila a nan Zariya ya kalli ana haɗa kan mota da bodi ya gan shi. Bambancin ƙaramar tirelar da nake magana a kai shi ne tanteburinta yana zaune ne a cikin bayan a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya, kuma abin da yake ɗauka yakan kai tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirelar. Idan motar ta janye, wannan nauyi gaba ɗaya yana komawa kan ƙafafu biyu na gaba.

Mai karatu zai iya tambaya, to mene ne abin damuwa idan tirela ta ɗan karkace, tunda ba tafiya take yi ba? Tirelar siminti ko ta taki ba ruwanta da wannan, amma wadda mutane za su yi aiki a cikinta gida ce a kan tayoyi. Idan ta karkace ruwan wanke hannu ba zai gangara ta bututunsa ba, ƙofa za ta ƙi kulluwa, na'urar da ke juya jini a ɗakin gwaji za ta riƙa rawa a kan tebur, kuma ɓangaren ɗakin nan da ke zamowa waje ta gefe kamar durowar tebur zai cije a hanyarsa. Wanda ya fi waɗannan duka shi ne firji. Waɗanda suka yi aiki a ɗakunan shan magani na karkara a shekarun baya za su tuna firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ciki, da yadda ake ɗora masa faranti da ruwa a ka kafin a kunna shi domin a tabbatar ya zauna daidai. Irin wannan firji ba shi da injin matsa iska, wuta ce take dafa ruwan amoniya, tururin ya hau sama ya huce, sannan ya gangaro da nauyin kansa ta cikin bututu masu ɗan gangare. Da yawa daga cikin tirelolin Amurka irinsa suke ɗauke da shi, sai dai da gas yake aiki. Idan ya karkace ruwan yakan taru a inda bai kamata ba, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya toshe bututu, kuma wannan toshewar ba ta da gyara. Kamfanin Norcold, wanda ya ƙera irin waɗannan firji, ya iyakance karkacewar a digiri 3 daga gefe zuwa gefe da digiri 6 daga gaba zuwa baya, gwargwadon bangon da aka jingina firjin. Tirela mai faɗin mita biyu da rabi kuwa, idan gefe ɗaya ya nutse da santimita 13 kawai, wanda bai kai taƙi guda ba, ta riga ta karkace digiri 3. Allurar rigakafi kuma tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, ba ta jira a gama gardama.

Shekara biyu da suka wuce, a tsakiyar watan Agusta, aka buga mini waya da hantsi aka ce in taimaka in zo wani ƙauye a kan hanyar Soba. Wata ƙungiyar agaji ce, wadda ba zan ambaci sunanta ba domin niyyarta ta alheri ce, ta kai irin wannan tirela domin duba mata masu ciki da yara na kwana uku. An ajiye ta a filin makarantar firamare, a ɓangaren da ke gangarawa fadama, saboda a can ne akwai inuwar darbejiya inda mata za su zauna su jira layi. Filin yana da ciyawa shar, kuma da rana idan ka taka shi sai ka ce daɓe ne. Direban ba sabon hannu ba ne, ya yi shekara ashirin yana jan tirela tsakanin Legas da Kano, amma abin da aka koya masa game da ƙafafun nan bai wuce na minti biyar ba: an nuna masa maɓalli, aka ce ya danna, ita za ta yi sauran. Ya danna kuwa, ta yi sauran, mutanen ƙauye suka taru suna kallon ƙafafu shida suna sauka su kaɗai suna salati. Da dare aka kwana ana ruwa.

Da na isa na tarar ƙafar baya ta hagu ta shige laka har farantinta ya ɓace, ta tsakiya tana bin sahunta, tirelar ta kwanta ta kusurwa ɗaya kamar raƙumin da ya fara durƙusawa ya fasa. Ƙofar shiga ta ƙi rufuwa, ɗakin gefe ya cije, ba ya shiga ba ya fita. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne da asuba, da direban ya ga an karkace, sai ya sake danna maɓallin, ya kuma sake dannawa, kuma duk dannawar da ya yi na'urar tana ƙara tura ƙafar ƙasa tana neman tauri, lakar kuma tana ƙara haɗiye ta, har ƙafar ta kai ƙarshen tsawonta, batir ya yi sanyi, allon sarrafawa ya tsaya yana nuna wani rubutu da Turanci. Ma'aikatan jinyar sun iya Turanci sarai, amma kalmomin na makanikai ne, ba su gane cewa abu biyu kawai allon yake faɗa ba, wato wuta ta yi ƙasa kuma ƙafa ta ƙare. Direban ya tare ni hularsa a hannu ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa komai ba sai abin da aka ce in taɓa." Na ce masa na yarda, ya kwantar da hankalinsa. Jami'in da ke kula da tafiyar kuwa tuni ya fara maganar za a cire kuɗin gyara daga albashinsa, wato an bar jaki ana dukan taiki.

A nan nake so mai karatu ya yi ɗan lissafi tare da ni, domin duk maganar a cikinsa take. A ce tirela tana da nauyin tan shida, kuma kashi ɗaya cikin biyar yana gaba, wato kilo 1,200, kowace ƙafar gaba tana ɗauke da kilo 600. Wannan buhun masara shida ke nan, an ɗora su a kan farantin ƙarfe mai faɗin inci 9, wanda bai fi murfin tukunyar miya ba. Ƙafafun baya ma, da zarar sun fara ɗaga gefen da ya yi ƙasa, suna karɓe nauyi daga sifirin da tayoyi su mayar da shi kan irin wannan ɗan faranti. Marmara ko jar ƙasa busasshiya za ta ɗauka ba ta ce uffan ba, amma ƙasar da ta sha ruwan Agusta ba za ta ɗauka ba. Idan ka shimfiɗa katako mai kauri mai faɗin santimita 45 ta kowane gefe a ƙarƙashin ƙafar, ka raba nauyin a kan fili da ya ninka na farantin kusan sau biyar. Na'urar tana da ma'auni da ke gaya mata inda tirela ta karkata, amma ba ta da idon da zai gaya mata abin da ƙafarta ta taka. Duk inda aka ajiye ta, ta ɗauka a kan kwalta ko daɓen siminti take, irin wuraren da aka tanada domin irinta a ƙasar da aka ƙera ta.

Kafin in taɓa komai sai da na hana wani kuskure da ya kusa fin na farko muni. Wani saurayi mai kirki ya ɗauko janareta yana shirin jona wayarsa kai tsaye da tirelar domin a yi cajin batir. Kayan wutar waɗannan tireloli an yi su ne domin wutar Amurka mai bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma da ya jona ba tare da taransifomar rage wuta ba da ya ƙone na'urar caji da duk abin da ke kan layin. Taransifomar tana nan cikin akwati, ba wanda ya gaya wa kowa amfaninta. Muka aro batir ɗaya mai bolt 12 daga cikin biyun da ke jikin motar wani mai sayen hatsi. Mai unguwa, Allah ya saka masa da alheri, ya tura samari wurin kafinta aka yanko mana katako mai kauri gunduwa shida. Muka haƙa gefen ƙafar da ta nutse, muka zuba tsakuwa, muka kafa jak ɗin hannu a kan katako a ƙarƙashin firam ɗin tirelar, muka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, na sa malamar jinya ta tsaya a ƙasa tana gwada ƙofar. Can sai muka ji ƙofar ta yi ƙaras ta kullu, alamar firam ya warware daga murɗewar da ya yi. Sai a lokacin ɗakin gefe ya yarda ya koma ciki, muka janye ƙafafun baya da na tsakiya.

Akwai wanda ya cancanci yabo a wannan rana, shi ne yaron mota. Tun ranar da suka iso, kafin a kwance motar, ya samo duwatsu da gungumen itace ya sa wa tayoyin tirelar waigi gaba da baya, har wani ya yi masa dariya ya ce wannan ai ba gingimari ba ce, ta zamani ce. Manyan tirelolin zamani masu birkin iska idan aka cire musu bututun iska birkinsu yakan kama da kansa, kuma direban da ya saba da su zai iya ɗauka kowace tirela haka take. Ƙaramar nan birkinta na lantarki ne, daga motar da ke jan ta yake samun umarni, kuma da zarar an raba su ba ta da birkin ajiye mota ko kaɗan. Akwai wata 'yar igiyar gaggawa da ke kama birki idan tirela ta tsinke a kan hanya, amma wanda ya fizge ta domin ya ajiye tirela zai shanye batir cikin ɗan lokaci, yana iya ƙona kayan birkin, sannan birkin ya saki. A filin nan mai gangare zuwa fadama, da ba don waigin yaron ba, da ba maganar ƙofa muke yi ba.

Muka maido da motar muka haɗa. Na'urar tana iya tuna tsayin da aka kwance tirela ta mayar da goshinta can, amma bayan duk abin da ya faru ban amince da tunaninta ba, da ido muka daidaita, turken ya shiga tsagar a kan fuskar tantebur ba ta samansa ba, na leƙa da tocila na ga muƙamuƙin ya rufe. Sannan muka ɗaga ƙafafun gaba kamar faɗin yatsa biyu daga ƙasa, direba ya riƙe birkin tirela ya ɗan ja motar gaba domin a gwada kamun. Ana barin ƙafafun kusa da ƙasa ne saboda idan kamun ƙarya ne tirelar ta faɗa kan ƙafafunta, domin tazarar da ke tsakanin goshinta da gefen bodin a-kori-kura ba ta fi santimita 15 ba, kuma idan ta faɗo a kansa sai mai gyaran bodi ya ci kasuwa. Muka matsa da ita bayan ofishin hedimasta inda marmara ta fito fili, matan kuma aka kafa musu rumfa.

A wannan wuri na biyu na sa direban ya yi komai da hannunsa ina tsaye. Tun motar tana haɗe muka duba karkacewar gefe da ma'aunin lebur na magina, muka ga hagu ta ɗan yi ƙasa, sai muka shimfiɗa katako ya hau da tayoyin hagu a kai, domin gwargwadon yadda ka rage wa na'urar aiki, gwargwadon yadda ƙafafunta za su tsaya gajeru, ƙafa gajeriya kuwa ta fi doguwa ƙarfi da rashin girgiza. Yaro ya sa waigi, aka ajiye katako a ƙarƙashin kowace ƙafa, aka sauke na gaba har nauyi ya bar motar, aka buɗe muƙamuƙi, aka cire wayar wuta, aka fitar da motar gaba ɗaya daga ƙarƙashin goshin. Wannan fitarwar tana da muhimmanci, domin abu na farko da na'urar takan yi shi ne ta sauke goshin tirela ƙasa kafin ta fara neman daidaito, kuma duk abin da ta tarar a ƙarƙashi za ta danne shi. Na fitar da kowa daga ciki, na hana yara jingina da jikinta, saboda ma'aunin yana jin motsin mutum ɗaya, kuma motsi a lokacin da yake aunawa yakan ruɗa shi. Sannan ya danna maɓallin sau ɗaya. Cikin 'yan mintoci ta gama, allon ya nuna an yi nasara, muka zagaya muka tabbatar kowace ƙafa ta taka katakonta kuma babu tayar da ta bar ƙasa. Sai bayan haka aka fitar da ɗakin gefe.

Da muka shiga ciki, malamar jinya ta ajiye lemo a kan tebur, lemon ya mirgina ya faɗi, ya ci gaba da mirginawa har ƙarshen ɗaki. Allo yana cewa lebur, lemo yana cewa ƙarya ne. Na ɗora ma'aunin magina a tsakiyar daɓen, ɗigon ruwan ya goyi bayan lemo. Wannan shi ne abu na biyu da nake so masu sayen waɗannan tireloli su fahimta, kuma a ganina ya fi na farko ɓoyuwa. Na'urar ba a haife ta da sanin lebur ba. Wani ne, wata rana, ya daidaita tirelar da hannu da ma'auni, sannan ya ce mata ta riƙe wannan matsayi a matsayin sifili, kuma tun daga ranar duk inda aka je can take komawa. Idan wanda ya nuna mata ya yi kuskure, ko aka canja ma'aunin, ko aka bugi maƙalarsa a lokacin da ake farke cikin tirelar ana mayar da ita asibiti, ko a cikin jirgin ruwa, ko a ramukan hanya daga tashar jirgin zuwa nan, to za ta riƙa kai ka ga karkatacciyar zama cikin cikakkiyar natsuwa, tana kuma rubuta maka cewa komai daidai ne. Gyaran bai ɗauke mu rabin sa'a ba: muka koma sarrafawa da hannu, muka ɗaga muka sauke har ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya ta tsawo da ta faɗi, sannan muka bi matakan da littafin na'urar ya tsara muka sa ta riƙe sabon sifilin. Littafin yana cikin durowa a cikin ledarsa, ba a taɓa buɗe shi ba.

Kada a fahimce ni a matsayin tsohon da ke ƙyamar sabon abu. Na juya hannun ƙafar tirela da ƙarfin kafaɗata shekara da shekaru, kuma kafaɗar tana ba ni labari duk sanyin hunturu, saboda haka na san darajar maɓallin da zai yi wannan aiki cikin minti kaɗan. Abin da nake cewa shi ne kayan nan suna da bukatun da ba a faɗa wa masu riƙe da su. Masu aiki da lantarki kowace ƙafa da ɗan injinta, masu aiki da mai kuma famfo ɗaya ne yake tura su kamar yadda ake ɗaga bodin tifa, kuma duka biyun suna jan wuta sosai, batirin da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6, wanda ya sauka zuwa 12 kuwa ya riga ya ci rabinsa. Man da ake zuba wa famfon irin na giyar mota mai canja kanta ne, kuma ba a duba yawansa sai ƙafafu duka sun koma sama, in ba haka ba za a cika shi ya yi ambaliya. Ƙurar hunturu tana manne wa sandar ƙafa mai sheƙi, idan aka janye ta ba a goge ba sai ta ci robar da ke tare mai, yoyo ya fara. Kowace irinsu tana da hanyar janye ƙafa da hannu idan wuta ta ɗauke, kuma direban da bai san wannan hanya ba zai iya kwana uku a daji da tirela lafiyayya. Masu ƙera su sun kuma yi gargaɗi a fili cewa ba a ɗaga tirela da su domin canja taya ko domin mutum ya shiga ƙarƙashi, kuma wannan gargaɗi ina roƙon 'yan'uwana makanikai su ɗauke shi da gaske, domin na san halinmu idan muka ga abin da ke ɗaga mota a banza. Idan wani abu ya lalace kuwa, kamfanin Lippert da ke ƙera yawancin waɗannan ƙafafu yana garin Elkhart ne a jihar Indiyana, kuma ba a Sabon Gari za ka tsinci kayan gyaransa ba, sai an yi oda da dala an zauna jira.

Roƙona na farko ga ƙungiyoyi da hukumomi da 'yan kwangilar da ke sayen waɗannan tireloli ne. Wanda ya iya biyan kuɗin tirela da jirgi da kwastan ba zai gaza kuɗin katako shida, da waigi huɗu, da ma'aunin lebur, da na'urar auna batir ba, kuma ba zai gaza ba direba da yaronsa kwana biyu na koyo kafin a tura su ƙauye ba. A fassara matakan da saƙonnin allon zuwa Hausa a takarda guda, a liƙa ta a cikin murfin akwatin da maɓallan suke. A kuma bar wa direba ikon ya ce ba za a ajiye a nan ba, ko da jami'i ya fi son inuwa, domin shi ne zai taka ƙasar ya soka mata ƙarfe ya ji abin da ke ƙarƙashin ciyawa.

Na biyu kuma ga cibiyoyin da Allah ya albarkaci Zariya da su ne. Muna da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a kan hanyar Basawa, wadda aka kafa tun 1986 domin horar da ma'aikatan sufuri, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kuma tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ɗan gajeren kwas da Hausa a kan haɗa tirela da kwance ta da tsayar da ita a kan ƙafafunta ba zai amfani masu ƙananan tirelolin nan kaɗai ba. Duk wanda ke bin hanyar Kaduna ya wuce Mararraban Jos ko Tafa da damina ya san yadda ake kwance bodi da lodi a bar shi a kan ƙafafu biyu a gefen titi, kuma ni da kaina an sha kira na in tayar da wanda ya dungura da goshi saboda ƙafa ɗaya ta nutse. Lissafin buhun masara a kan murfin tukunya shi ne dai, sai dai a can buhunan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Idan aka shirya irin wannan kwas, ni da wasu tsofaffin abokan aikina a shirye muke mu zo da kayan aikinmu mu nuna abin da muka sani ba tare da an biya mu ba.

Direban nan ba a cire masa ko kwabo ba a ƙarshe, bayan na zauna da jami'in na nuna masa littafin da ke cikin leda. Da rani ya biyo ta garejinmu da tirelar za su wani ƙauye ta wajen Giwa, ya buɗe mini akwatin gaba, na ga katakan nan shida a jere, yaron ya rubuta wa kowanne lamba da jan fenti, ma'aunin magina kuma yana rataye a ƙusa kusa da maɓallan.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon makaniken manyan motoci,
Tudun Wada, Zariya.